Ga mai shirin barin ofis ta koma aiki daga gida

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin gaji da zaryar Rigasa zuwa titin Ahmadu Bello kullum, wani kamfani a Ingila ya yi miki tayin aiki daga gida, kina tambayar me za ki tanada kafin ki miƙa takardar ajiye aiki. Shekarata uku ke nan ina irin wannan aikin daga Unguwar Rimi, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kada ki yi sakin reshe kama ganye. Ki jira yarjejeniya ta zo a rubuce, ki duba ma'aikaciya suka ɗauke ki ko 'yar kwangila. A ofishinki na yanzu, dokar fansho ta 2014 ta sa wanda ya ɗauke ki aiki ya zuba miki kashi 10 cikin ɗari na albashinki, ke ki zuba kashi 8. 'Yar kwangila kuwa babu mai zuba mata ko sisi, kuɗin asibiti ma daga aljihunta. Ki cire wannan daga albashin tukuna, sannan ki ga ko har yanzu yana da tsoka. Ki kuma buɗe asusun dala tun yanzu.

Wuta ba sai na faɗa miki ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na jingine janareta, na sayi ƙaramar sola da batir da ke ɗaukar kwamfuta, fanka da na'urar intanet kawai. Layi biyu na kamfanoni daban ki riƙe, ki gwada su a ɗakin da za ki zauna, ba a tsakar gida ba. Kin dai tuna 2021 da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan ta Kaduna, sai ki san gidan 'yar'uwar da za ki ruga in ta ɓaci.

Amma wallahi duk waɗannan kuɗi ke magance su. Abin da ya fi ba ni wahala mutanen gida ne. A wajen mutanenmu, wadda ke zaune a ɗaki ba ta aikin komai. Makwabciya za ta kawo miki ajiyar yaro, a aiko ki raka wance awo, suna da barka duk ke ce wakiliyar dangi tunda "ai kina gida". Watana na biyu, ina tsaka da taro ta Zoom, gwaggona ta turo ƙofa da sallamarta ta zauna bakin gado, ta fara ba ni labarin rikicin gado. In tashe ta? Ina! Kashe murya na yi ina gyaɗa kai ɓangare biyu.

Daga ranar na zaunar da maigida da uwar mijina, na nuna musu lokutan aikina kamar yadda zan nuna na ofis. Abin da ya taimaka, agogonmu da na Ingila ɗaya ne lokacin zafinsu, da sanyi kuma mun riga su da awa guda kacal. Su ma kamfanin na gaya musu lokutan sallah tun ranar farko, ba su ce uffan ba.

Ki yi wannan zaman da naki mutanen kafin ki ajiye aiki, ba bayan ba. Ni har yau da safe sai na shirya tsaf, na yafa mayafi, na ce wa yara na tafi ofis, sannan in shiga ɗakin in murza makulli.