Abin da masu bincike ke nema a ruwan gonakin shinkafa na Maga

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masu bincike ke ɗibar ruwa da ludayi a gonakin shinkafa na Maga da Yagwa, a arewacin Kamaru, kuma suna tsintar katantanwa a bakin magudanai. Tsutsar sauro suke ƙirgawa, domin tun da aka gina madatsar ruwan Maga a 1979, ruwa yana kwanciya a gonakin Maga har cikin rani, sauro kuwa a ruwa yake yin ƙwai.

Idan ka leƙa cikin ludayin, za ka ga tsutsar Anofilis, wato sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ta kwanta a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, alhali ta Kules, wani nau'in sauro daban, tana rataye kai a ƙasa, tana shaƙar iska ta wani ɗan bututu da ke wutsiyarta. Tsutsar kan saɓe sau 4 kafin ta rikiɗa, kuma a yanayin zafi irin namu, tsakanin ƙwai da fitowar sauro bai cika wuce mako biyu ba.

Batun katantanwa daban ne, kuma a ganina ya fi cancantar kulawar iyaye. Nau'in Bulinus ba ya da tsutsa mai yawo a ruwa, tun da ɗansa yakan ƙyanƙyashe da ɗan ƙoƙonsa, saɓanin yawancin danginsa na teku. Abin da ake nema a jikinsa shi ne tsutsar tsargiya, wadda ke hayayyafa a cikinsa, ta fito ruwa da rana, ta huda fatar yaro mai wanka ko manomi mai dashe, daga baya fitsarin jini ya biyo.