Dalmar batir ba ta zubin harsashi ba ce

Ɗan'uwa, ka ce kana son narka dalmar tsohon batirin mota a tsakar gida don ka zuba wa bindigar tokar Baba harsashi na farauta. Don Allah kada ka yi.

Bindigar da ake ɗurawa ta baki dalma zalla take so, mai laushin da farce ke iya kartarta. Ta batir an gauraya ta da wasu ƙarafa, ga ruwan batir mai cin fata, kuma dattin da ke tasowa a kanta in an narka ta, idan ya jiƙe yana fitar da iska mai guba. Nemi dalma mai tsabta wurin masu tsofaffin ƙarafa a Sabon Gari.

Wurin aikin ya fi damuna. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, kuma ɗigon ruwa ko gumi ɗaya idan ya shige ƙarƙashinta, fallatsa take yi har fuska. Sai mazubin ya bushe ƙayau, a ɗumama shi, albarushi kuma yana can nesa da wuta. Tsakar gida kuwa inda yara ke rarrafe ake girki? A'a. A 2010 ƙurar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara. A yi a fili, a ware tukunyar daga girki har abada, a wanke hannu kafin cin abinci.

In kuma don hawan Sallah ne, 'yan bindigar Zazzau albarushi kawai suke ɗurawa. Ka tabbata Baba yana da lasisin 'yan sanda.