Za a yi wa matata tiyatar sankarar bakin mahaifa: dole ne a faɗa mata komai?

Tambaya: Likita, gwaji ya nuna matata tana da sankarar bakin mahaifa, an ce za a cire mahaifar. Shekarunta 37, kuma mace ce mai saurin tsorata. Na roƙi likitanta ya bar ni in sa hannu a madadinta, mu ce mata wani ƙari ne kawai za a cire. Ya ƙi, ya ce sai ya zauna da ita tukuna. Mene ne amfanin tayar mata da hankali?

Amsa: Malam, Allah Ya ba ta lafiya. Na san tausayi ne ya sa ka yi wannan roƙo, amma likitan nan yana kan daidai, kuma da ni ne, abin da zan yi ke nan. Mace baliga mai hankalinta, sa hannun mijinta ba ya maye gurbin nata, sai in tana kwance ba ta san inda kanta yake ba kuma jira zai halaka ta. Matarka ba ta cikin wannan hali.

Bari in nuna maka abin da kake neman a ɓoye mata. A wannan tiyata ba mahaifa kaɗai ake cirewa ba. Ana haɗawa da bakinta, da naman da ke kewaye da ita, da ɗan saman farji, da kaluluwar cikin ƙugu, wato ƙananan ƙullutun da sankara ke fara yaɗuwa cikinsu. Daga ranar ba sauran al'ada, ba sauran ɗaukar ciki. Wannan ba abin da za a ɓoye ba ne. Za ta gane, kuma ranar da ta gane, yardar da ta yi maka da wadda ta yi wa asibiti duk za su tafi, a daidai lokacin da ake bukatar ta riƙa dawowa ana duba ta shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin da za a ƙwace mata. Idan ƙarin bai wuce santimita 2 ba kuma bai yaɗu ba, wani lokaci akan iya cire bakin mahaifar kawai a bar mahaifar, mace ta iya haihuwa daga baya. Ba kowa hakan ke yi wa ba, amma likita ba zai ma auna ba sai ya ji daga bakinta ko tana son ƙarin haihuwa. In an cire mahaifa, magana ta ƙare. Haka batun ƙwan mahaifa. Mai shekarunta sau da yawa akan bar mata su. In an cire, jikinta zai shiga halin matan da suka daina al'ada a dare ɗaya: zafin jiki mai tasowa kwatsam, zufar dare, bushewar gaba, raunin ƙashi a gaba. Akwai maganin da ke rage wannan, kuma gara a yi maganarsa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Sannan ya kamata ta san tiyata ba ita ce hanya ɗaya tilo ba. Gashi, wato ƙona sankarar da hasken wata na'ura, haɗe da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin sankara, shi ma magani ne na wannan sankara, yana da nasa wahalhalun, ita ya kamata a bayyana wa dalilin da ya sa aka fifita wuƙa a kansa.

Akwai haɗurran da dole a faɗa. Mafitsara da bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda suna dab da inda ake aiki, ana iya ji musu rauni, a wasu lokuta har ya kai ga yoyon fitsari. Za ta farka da robar fitsari, ta yiwu ta koma gida da ita na kwanaki. Ana iya bukatar ƙarin jini. Jini kan daskare a jijiyar ƙafa bayan irin wannan aiki, shi ya sa akan rubuta allurar tsinka jini har mako 4. Cire kaluluwa kuma kan jawo kumburin ƙafa, wanda kan iya bayyana bayan watanni. Matar da aka gaya wa za ta dawo asibiti da wuri. Wadda ba ta sani ba takan zauna a gida tana zaton cutar ce ta dawo, ko ta yi ta shafe-shafe har ƙafar ta yi nauyi.

Ku tambayi likitan ko buɗe ciki zai yi ko aikin ƙananan huji da kyamara. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a wannan tiyata ta bakin mahaifa, waɗanda aka yi wa ta huji sankarar ta fi dawo musu, don haka yawancin likitoci suka koma buɗe ciki. Ku kuma sani cewa hukunci na ƙarshe sai an gwada naman da aka cire. Sakamakon ne zai nuna ko za a ƙara da gashi. Ka ga idan an ce mata ƙari ne kawai, me za a ce mata ranar da aka tura ta ɗakin gashi?

Game da tsoron nata, faɗin gaskiya yana da ladabinsa. Likita mai hankali yakan fara da tambayarta abin da ta fahimta, da yawan abin da take son ji. Mafi yawan matan da nake gani sun riga sun zargi abin, shirun mutanen gida ne ma ke ƙara musu fargaba. In ita da bakinta ta ce a yi bayanin dalla-dalla da kai, wannan haƙƙinta ne kuma za a girmama. Ita ce dai za ta faɗa.

Ka nemi a yi zaman kwanaki kafin aikin, ba da safiyar ranar ba, kuma in da hali sau biyu. Ku rubuta tambayoyinku, ku tafi da duk magungunan da take sha, musamman na tsinka jini da na ciwon suga da na gargajiya. Ka zauna kusa da ita, sannan ka ɗan fita ka bar su na wasu mintuna. Akwai tambayoyin da take jin nauyin yi a gabanka, kamar yadda kwanciyar aure za ta kasance, wadda akan dakatar kimanin mako 6 har ɗinkin ciki ya warke. Kafin ta sa hannu, likitan zai so ta maimaita masa da kalmominta abin da za a cire da abin da za a bari, kuma tana da damar canza ra'ayi har zuwa lokacin da za a yi mata allurar barci.