Amsoshin Tambayoyinku: Wane Kwale-kwalen Gasa Ya Dace da Yaro?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 10, ya shekara guda yana koyon tuƙin ƙaramin kwale-kwale mai tafiya da iska a kulob, kuma yana son shiga gasannin hutun bazara. Sabon Optimist (ƙaramin kwale-kwalen gasa na yara mai ɗaukar mutum ɗaya) zan saya masa, ko na hannu zai wadatar?

Amsa: Malama, ki saya masa na hannu, ina faɗa miki haka ba tare da kokwanto ba. Optimist, wanda Clark Mills ya tsara a Amurka a 1947, dokar gasa ta ɗaure shi a kan ƙira ɗaya: tsawonsa kimanin mita 2.3, nauyin gangarsa ba ya kasa kilo 35, don haka tazarar da ke tsakanin sabo da tsohon da aka kula da shi ba ta kai tazarar da ke tsakanin yaron da ya iya karanta iska da wanda bai iya ba. Ga shi kuma jirgin na ɗan lokaci ne, domin yaro yana daina gasa da shi a ƙarshen shekarar da ya cika 15, da yawa ma nauyi kan fitar da su kafin nan.

Sai dai kada ki biya kuɗi sai kin duba da idonki. Ki sa a kifa jirgin, ki danna ƙasansa da tafin hannu, idan ya lotsa kamar kwali to ya gaji. Ki leƙa gurbin da sandar ƙyallen iska ke zama da allon da ke riƙe ta, domin idan jirgi ya kife sandar ta fita daga gurbinta, nan ne yake tsagewa, kuma gyaran da aka shafe da fenti yakan nuna kansa. Ki duba ramin da ake zura allon ƙasa (allon da ke shiga ruwa don hana jirgin zamewa gefe) ko yana yoyo, ki hura jakunkunan iska guda uku da ke hana jirgin nutsewa ki ga ko suna sacewa. Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne takardar awo, wato shaidar cewa jirgin ya cika ƙa'idar gasa: dole lambar da ke cikinta ta dace da wadda ke jikin jirgin, in ba haka ba ana iya hana yaron shiga babbar gasa, kuma ina jin zafin ganin yaro a bakin ruwa takwarorinsa sun tafi saboda takarda.

Rarar kuɗin ki sa ta a sabon ƙyallen iska, tun da shi ne yake saurin saki ya rasa siffarsa, da kuɗin mai horarwa, da rigar ceto mai ƙarfin niyuton 50 (ma'aunin ƙarfin ɗaga mutum a ruwa) wadda ta kama jikinsa yanzu. Kada a sayi babba wai zai girma cikinta, domin a ruwa takan haye kansa.

Tambaya: 'Yata ta kai kilo 56, Optimist ya yi mata kaɗan. A cikin kwale-kwalen gasa da suka fi shi girma, ILCA ko 420?

Amsa: Malam, halinta zai raba gardama. Idan ta fi son tuƙi ita kaɗai, ILCA 4 ya dace, kuma ganga ɗaya ce da ta ILCA 6 mai ƙyalle mafi girma, saboda haka idan ta ƙara ƙarfi ƙyalle da sashen ƙasa na sanda kawai za ka sauya. Shi kuwa 420 na mutum biyu ne, kada ka saya sai ta sami abokiyar tuƙi da iyayenta suka amince da raba ɗawainiya.

Tambaya: Lallai ne mu ɗauki jirginmu zuwa gasa mai nisa?

Amsa: A'a. Manyan gasanni da dama suna da jiragen haya, sai ku tafi da ƙyallenku kawai. Ku karanta sanarwar gasar tun da wuri, a nan ake bayyana ranar rufe rajista da inshorar da ake bukata.