Katin alkawarin kamewa da masu "duba budurci"

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. 'Yata mai shekara 15 ta sa hannu a katin alkawarin kamewa har aure a taron matasan ikilisiyarmu. Kwanan nan kullum tana kan waya da tsakar dare, hankalina ya tashi. Wata a zumuntar mata ta ce akwai matar da ke duba 'yan mata ta faɗi ko suna nan da budurcinsu. In kai ta?
Wata uwa daga Kafanchan

Amsa: Mama, kada ki kai ta, ko da kyauta za a yi miki.

Tukuna, batun katin. Daga Amurka ya samo asali, inda 'yan Baftis suka fara shirin True Love Waits a 1993. Masu bincike Peter Bearman da Hannah Brückner sun gano a 2001 cewa alkawarin kan jinkirta fara jima'i da kusan wata 18, amma sai a inda masu ɗaukarsa ba su da yawa. Idan kowa ya ɗauka, ya zama anko. A binciken Janet Rosenbaum na 2009 kuwa, bayan shekara biyar kashi 82 cikin ɗari sun musanta cewa sun taɓa yin alkawarin. Bangaskiyar da yarinya ta riƙa da kanta ita ke tsare ta. Wadda ta sa hannu don fasto na kallo, takarda kawai ta cike.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kowane mako sai an kawo mini yarinya ɗakin haihuwa ana raɗa mini, "Sista, duba mana ita." Ni ungozoma ce, malamar makarantar Lahadi kuma, ina faɗa miki babu mai iya ganewa: ba ni ba, ba likita ba, balle matar lungu mai yatsa da tocila. Tantanin budurci ba murfin kwalba ba ne. Siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, yana miƙewa, mata da yawa kuma ba sa ganin jini a daren farko. A 2004 likitoci a Amurka sun duba 'yan mata 36 masu ciki, biyu kacal aka ga tabbatacciyar alamar saduwa da namiji a jikinsu. Masu ciki fa! A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin ba shi da tushe, ta nemi a daina, Ingila kuma ta haramta shi a 2022.

To me matar za ta sayar miki? Zato. In ta ce "ta lalace", kin tozarta 'yarki, gobe labarin na kasuwa. In ta ce "tana nan", ki koma barci alhali wataƙila wani babba na lallaɓa ta. Ban taɓa ganin an kawo ɗa namiji a duba shi ba, ko da yake 1 Tasalonikawa 4:3, da ta ce a guje wa fasikanci, ba mata kaɗai aka rubuta wa ba. Ki tuna Tamar a 2 Sama'ila 13: Amnon ya yi laifin, ita aka ce ta yi shiru.

Ki zauna da 'yarki a ɗaki, ku biyu, ba bulala ba wa'azi. Ki tambaye ta da wa take hira, shekarunsa nawa, ko yana tura mata kuɗi ko neman hoto. In ta ce an taɓa ta da ƙarfi, ku tafi asibiti kafin awa 72 ta cika, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki.