Amsar Kawu daga Kansas: kafin ka bar Samaru, ka san wa ke riƙe da jami'a

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da ka gama bautar ƙasa lafiya. Tambayar da ka yi min ba kai kaɗai ke yin ta ba, shi ya sa na sa amsar a fili don 'yan'uwanka su ma su gani. Ka ce ka gama digirin farko a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, kana son ci gaba a fannin inganta irin shuka har zuwa digirin digirgir. Sai ka ƙara da cewa: "Kawu, me ya sa jami'o'in can kullum gaba suke yi, tamu kuwa tana nan jiya i yau? Wa ke mulkinsu ne? In tattara in taho, ko in tsaya Samaru?"

Kada ka ɗauka a Manhattan ɗin New York mai dogayen benaye nake. Tawa Manhattan tana jihar Kansas ta Amurka, gari ne da mutanensa ba su kai dubu 60 ba, ga iska kamar za ta ɗauke mutum. Jami'ar da ke cikinsa, Kansas State, ɗalibanta kimanin dubu 20 ne, ABU ta ninka ta a yawan jama'a. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, tsangayar da ka yi karatu a cikinta tana da dangantaka da nan. Daga shekarun 1960 zuwa na 1970, da kuɗin USAID, hukumar Amurka mai tallafa wa ƙasashen waje, malaman Kansas State sun zauna a Samaru suna taimakawa wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi. Ka tambayi tsofaffin farfesoshinku, za ka samu wanda a nan shi ko malaminsa ya yi digirinsa na ƙarshe.

Ita ABU ba a fili fetal aka fara ta ba. Da aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, haɗa abin da ke ƙasa aka yi: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, cibiyar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo a Zariya, tashar binciken noma ta Samaru da gonar dabbobi ta Shika waɗanda suke aiki tun shekarun 1920, sai kwalejin Abdullahi Bayero a Kano. Sardauna ne uban jami'a na farko, Norman Alexander ɗan New Zealand ya fara shugabantarta, Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar. Reshen Kano ya zama Jami'ar Bayero a 1977. To jami'ar da ta haifi wata jami'ar ba za a ce ba ta girma ba. Girman ne iri biyu. Akwai na yawan ɗalibai da tsangayoyi, wannan mun iya shi. Akwai na bincike, wanda yake buƙatar kuɗin da ba ya yankewa da hukumar da ba a rushe ta da sanarwa ɗaya. A nan muka tsaya.

Bari in gaya maka yadda kuɗi ke shiga jami'armu ta nan Kansas, don nan ne amsar tambayarka take. A 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin noma da kanikanci. Filayen, gaskiya ɗaya ce, na 'yan asalin ƙasar ne da aka raba su da su, ba kowa ke son a tuna wannan ba a wajen biki. Kansas State ta buɗe a 1863 a ƙarƙashin wannan doka. A 1887 wata dokar ta sa kuɗin tashoshin gwajin noma, a 1914 wata ta kafa aikin malaman gona. Koyarwa, bincike, kai sakamako gona: aka ɗaure su wuri ɗaya da doka da kasafi. Yau abin da gwamnatin jiha ke bayarwa bai kai rabin kuɗin tafiyar da jami'ar ba, ko kusa. Sauran daga kuɗin makaranta ne, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, da tallafin bincike da malamai ke nemowa da kansu.

Wannan na ƙarshe shi ya shafe ka kai tsaye. Farfesa a nan kamar maigidan gandu yake: shi ke nemo abin da za a ci, shi ke raba aiki, in rumbunsa ya ƙare kuwa kowa sai ya kama gabansa. Yakan rubuta takardar neman tallafi zuwa ma'aikatar noma ta tarayya ko wata gidauniya, a yi gasa, in ya ci a ba shi kuɗin shekara uku ko biyar. Daga ciki yake biyan alawus ɗin ɗalibansa na digiri na biyu da na uku, ya biya musu kuɗin makaranta, ya sayi kayan gwaji. Jami'a kuma tana cire nata kason mai kauri daga kowane tallafi, da shi take biyan wuta da gyaran ɗakunan gwaje-gwaje da laburare. Ka ga kenan kowane malami mai ƙoƙari yana ƙara wa jami'a jini, ita kuma tana da dalilin lallaɓa shi kada wata ta ɗauke mata shi. Haka suke girma, ba wani sihiri. Saboda haka in ka ji an ce wane ya samu "sikolashif" na digirin digirgir a Amurka, yawanci aiki ya samu a ɗakin gwajin wani malami, awa 20 a mako a takarda, a aikace kuwa lokacin shuka da girbi babu mai duba agogo.

Mulki kuma hawa-hawa ne. A sama akwai hukumar jami'o'in jiha mai mutum tara, gwamna ke naɗa su, majalisar dattawan jiha ta amince. Wa'adinsu shekara huɗu ne kuma ba ya ƙarewa lokaci ɗaya, doka kuma ta hana fiye da biyar su fito daga jam'iyya ɗaya. Su ke ɗaukar shugaban jami'a, su ke amincewa da ƙarin kuɗin makaranta. Manhaja da ƙa'idojin karatu na majalisar malamai ne. Amma kai ɗalibi, ba shugaban jami'a ne zai yanke maka hukunci ba, wataƙila sai ranar yaye ɗalibai za ka gan shi. Rayuwarka tana hannun malamin da ke duba aikinka da kwamitin mutum uku ko huɗu da za su ce ka ci ko ka sake.

A takarda tsarinmu na gida bai fi wannan muni ba. Akwai majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da naɗe-naɗe, ita ke zaɓen shugaban jami'a na wa'adi ɗaya, shekara biyar. Akwai majalisar farfesoshi mai kula da karatu da sakamakon jarrabawa. Matsalar ita ce igiyar duk tana Abuja. Albashi daga can, yawan ɗaliban da za a ɗauka sai da hukumar kula da jami'o'i NUC da JAMB, sabon gini kusan duk na asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund ne, ka dai ga allunan. A 1995 gwamnatin soja ta ɗora Manjo Janar Mamman Kontagora shi kaɗai a kan ABU, ya riƙe har 1998. A Yunin 2023 aka rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya baki ɗaya, suka yi kusan shekara babu su. Yajin aikin ASUU na 2022 kuwa kai ka fi ni sanin sa, wata takwas kuna gida. Mai gwajin iri wanda damina ɗaya ta wuce shi, shekara guda ya rasa, ba wata takwas ba. Ni dai ban ga laifin malamai su kaɗai ba, TETFund ɗin ma gwagwarmayarsu ta farkon shekarun 1990 ce ta haife ta. Amma jami'ar da sai an rufe ta kafin a saurare ta, ba za ta iya yi wa mai ba da tallafi alkawarin shekara biyar ba.

Kada ka ce a nan aljanna ce. A 2022 wata jami'ar jihar nan, Emporia State, ta sallami malamai fiye da 30, har da waɗanda aka tabbatar musu da kujerunsu, kuma da yardar waccan hukumar ta mutum tara. A 2025 aka wargaza USAID, aka rufe mafi yawan cibiyoyin binciken abinci da take ɗaukar nauyi a jami'o'in Amurka, girgizar ta taɓa mu a nan ma. Ɗaliban Afirka da ke kan irin wannan kuɗin sun kwana ba barci. Siyasa tana shiga jami'a ko'ina. Bambancin shi ne a nan ƙofofin kuɗi suna da yawa, in an rufe ɗaya akan samu wata a buɗe.

Ɗaya daga cikin ƙofofin nan ita ce ta fi burge ni, kuma ita nake so ka riƙe ko ka taho ko ba ka taho ba. Kansas ce kan gaba a noman dawa a duk Amurka, ga alkama. In manomi ya sayar da hatsi, ana cire wani ɗan abu kaɗan daga kuɗin zuwa asusun hukumar amfanin, manoma ne ke zaune a hukumar, su ne ke zaɓen binciken da za a biya. Na sha ganin farfesa mai furfura tsaye gaban manoma masu hular rana yana bayanin inda kuɗinsu ya shiga, su kuma suna yi masa tambayoyin da ɗalibi ba zai iya ba. Aikin malaman gona na jami'ar ya kai duk gundumomi 105 na jihar, kuma harajin gunduma yana cikin abin da ke tafiyar da shi. Manomi yana da hannu a kuɗin, don haka yana da baki a maganar.

Mu kuwa fa? Wallahi Samaru ta yi wa Arewa aiki. Duk irin da sunansa ya fara da SAM, masarar SAMMAZ, waken SAMPEA, gyaɗar SAMNUT, dawar SAMSORG, daga IAR, cibiyar binciken aikin gona ta ABU, ya fito. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019 don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso, a can bayan katangarku aka yi aikinsa. Kazar ƙwai ta Shika Brown daga NAPRI take, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika. Asibitin koyarwa na Shika yana karɓar marasa lafiya daga jihohi da yawa, kuma na'urar binciken nukiliya da Najeriya ta kunna a 2004 tana ABU. Amma manomin Giwa ko Soba ba shi da kujerar da zai zauna ya tambayi IAR me ta yi bana. Tsakaninsa da masu bincike akwai malaman gona na jihohi, tsarin raya aikin gona na ADP da Bankin Duniya ya fara gwadawa a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Da kuɗin bankin ya ƙare, jihohi da yawa suka bar abin ya lalace. NAERLS, cibiyar aikin malaman gona ta ABU, tana horarwa, tana shirye-shiryen rediyo, amma ba ita ke biyan malamin gona kuɗin man babur ba. A ganina wannan giɓin ya fi rashin na'urori yi mana illa.

Tasirin jami'a a kan gari kuwa, ba sai na koya maka ba. Ka ga yadda Samaru da Hayin Dogo da Palladan suka koma lokacin yajin aiki: masu gidajen haya, masu shayi, masu buga takardu, 'yan acaɓa, kowa ya ji a jikinsa. Nan ma in aka yi hutun bazara gari yakan yi tsit. Sai dai a nan bincike yana jawo wasu ayyukan. Babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta gwamnatin tarayya da aka buɗe a 2023, wadda ta ci sama da dala biliyan ɗaya, an kawo ta Manhattan ne har da dalilin makarantar likitancin dabbobi da ke kusa da ita.

To shawarata. Ka yi digiri na biyu a Samaru, in da hali a ƙarƙashin malamin da ke da aiki a IAR wanda ke da abokan hulɗa irin su cibiyoyin binciken noma na duniya IITA ko ICRISAT. Mai neman digirin digirgir da ya taɓa shuka layukan gwaji da hannunsa, ya auna, ya wallafa takardar bincike ko ɗaya ce, ya fi mai sakamako mai kyau kawai daraja a idon malaman nan. Ka koyi ƙididdiga da manhajar kwamfuta ta R da ake ƙididdigar da ita tun yanzu. In lokacin nema ya yi, kada ka bi jerin sunayen manyan jami'o'i, ka bi malami. Ka karanta abin da ya wallafa, ka rubuta masa gajeren saƙo, ka tambaye shi ba kunya: daga ina kuɗin yake, shekara nawa ya rage, in ya ƙare sashe zai ɗauke ni aikin koyarwa? Ka nemi ɗalibansa na da, ka ji ta bakinsu. Akwai wani yaron ƙasarmu da na sani a wata jami'a, kuɗin malaminsa ya yanke yana tsakiyar aiki, da ƙyar wani sashe ya rufa masa asiri.

Batun biza kuma, dokokin Amurka sun tsananta wa 'yan Najeriya tun 2025, don haka ka duba shafin ofishin jakadancinsu da idonka kafin ka biya ko sisi, kuma kada ka ba wani "ejan" kuɗi. Tambayoyin da na ba ka suna aiki a Wageningen ta Holan, ko Kanada, ko cibiyar WACCI ta Jami'ar Ghana wadda aka kafa musamman don horar da masu inganta iri na Afirka ta Yamma. Kada ka raina ta don tana kusa.

Takardar sakamakonka ta jami'a, ka fara neman ta tun yanzu, kada ka jira sai an ba ka wa'adi. Ka turo min sunayen malamai uku na IAR da kake tunani da abin da kowannensu ke bincike a kai, mu duba tare. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata kulikuli da daddawar sun iso, na gode.