Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya a kan karɓar kuɗin tallafin dimokuraɗiyya daga waje

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau uku kafin na iya sa hannu in rubuta, domin ciwon da ka taɓo namu ne gaba ɗaya. Ka ce ƙungiyarku ta matasa, wadda kowa ya san ra'ayinta ya karkata ga 'yan adawa, ta samu tayin kuɗi daga wata cibiya ta ƙasar waje ta hannun wata ƙungiya a Abuja, a yi wayar da kai kafin zaɓe, kuma kana tsoron kada abin ya rikiɗe ya zama maganar addini. Tsoron nan naka yana kan hanya. Wanda ya rayu a Kaduna bai kuma ji wannan tsoron ba, to bai san inda yake zaune ba.

Fara da sanin kuɗin wane ne, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Asusun NED na Amurka, mai tallafa wa ayyukan dimokuraɗiyya a wasu ƙasashe, an kafa shi a 1983 zamanin Reagan, Majalisar Dokokin Amurka ce ke ba shi kuɗi, kuma yana da manyan rassa huɗu: NDI mai alaƙa da jam'iyyar Democrat, IRI mai alaƙa da Republican, sai reshen 'yan ƙwadago da na 'yan kasuwa. Jamusawa suna da cibiyoyin jam'iyyunsu irin su Konrad Adenauer da Friedrich Ebert. Akwai Tarayyar Turai, akwai gidauniyoyin masu zaman kansu. Ba zan ce maka duk aikinsu sharri ba ne, domin ƙarya zan yi. Ƙidayar sakamakon zaɓe ta gefe da ƙungiyoyin sa ido suke yi a ƙasar nan, inda ake tura mutane rumfunan da aka zaɓo a kwatanta alƙalumansu da na INEC, da tallafin waje aka koye ta, kuma ta yi amfani a 2015. Wannan aiki ne da ba ya tambayar wa kake so ya ci. Matsalar tana farawa ne ranar da kuɗin ya zaɓi ɓangare.

Kuma doka ma ta rufe wannan ƙofar. Sashe na 225 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jam'iyya riƙe duk kuɗin da aka aiko mata daga wajen Najeriya, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. Ku ba jam'iyya ba ne, na sani, amma idan kuka buga fosta ɗaya mai hoton ɗan takara da wannan kuɗin, ko kuka biya motar kai mutane gangami, kun ba duk mai neman ku igiyar da zai ɗaure ku. A Nuwamban 2020 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusu 20 na masu alaƙa da zanga-zangar EndSARS. A Agustan 2024 kun ga abin da tutar Rasha ta jawo a nan Kaduna da Kano: dokar hana fita ta awa 24, kama teloli, sannan yara ƙanana a gaban kotu a Abuja ana tuhumar su da cin amanar ƙasa, wasunsu suna faɗuwa don yunwa. Ƙyalle ne kawai fa, ba dala ba. To ina ga an samu takardar banki mai nuna kuɗi ya shigo daga waje?

Amma ba kamun ne ya fi damu na ba. Abin da ya fi damu na shi ne hanyar da kuɗin ke bi idan ya shigo gari irin namu. Mai ba da tallafi ba ya jin Hausa, bai san bambancin Rigasa da Sabon Tasha ba, bai san me ya sa mutum yake duba agogo kafin ya tsallaka gada da yamma ba. Yana neman wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci, mai rajista, mai asusu. Wanda ya samu sai ya kira waɗanda ya sani, waɗanda ya sani kuwa su ne 'yan unguwarsu da 'yan masallacinsu ko cocinsu, tunda tun bayan rikicin shekarar 2000 garin ya rabe, Musulmi galibi a arewacin kogin Kaduna, Kiristoci a kudancinsa. Ba da mugun nufi ba. Amma bayan wata shida sai ka duba hoton taron ka ga duk ɗaki ɗaya ne. Daga nan ɗaya ɓangaren ba zai ƙara cewa ƙungiyar matasa ba, zai ce Turawa suna ba wa waɗancan kuɗi su ƙwace mulki. Mai mulki kuwa ba abin da yake so kamar wannan, domin ya huta da amsa tambayar ruwan famfo da asibiti da tsaron hanyar Birnin Gwari, sai kawai ya ce wa mutanensa ku dubi masu ɗaukar nauyinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa a tsage yake tun Kafanchan 1987 da Zangon Kataf 1992.

Haka aka yi a Siriya. A Afrilun 2011 jaridar Washington Post ta wallafa, bisa takardun WikiLeaks, cewa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba wasu 'yan adawar Siriya mazauna Landan kuɗi da ya kai dala miliyan 6 tun daga 2006, ciki har da na tashar talabijin ta Barada. A ma'aunin gwamnatoci wannan kuɗi kaɗan ne, kuma mutanen Dar'a da suka fito a Maris 2011 saboda an azabtar da 'ya'yansu ba su ga ko sisi ba. Amma labarin ya ishi gwamnatin Assad ta ce duk makirci ne daga waje, ta kuma tsorata Alawiyawa, wato 'yan ɗariƙar su Assad, da Kiristoci cewa idan ta faɗi yanka su za a yi. Da makamai suka shigo, kuɗin masu zaman kansu daga ƙasashen Larabawa ya fi zuwa hannun mayaƙan da suka fi zafin harshe a kan aƙida, Iran da Hizbullah suka shigo ta ɗaya gefen, har Hizbullah ta yi yaƙi a fili a Ƙusair a 2013. Matasan da suka fara da kwali da alƙalami su aka fara shafewa, daga hagu da dama. Amurka ta ware dala miliyan 500 don horar da mayaƙa, a Satumban 2015 Janar Lloyd Austin ya shaida wa majalisa cewa huɗu ko biyar ne suka rage a fagen daga. Assad ya faɗi a Disamban 2024, amma wata uku bayan nan aka yi kisan Alawiyawa a yankin gaɓar teku. Gabar da aka shuka ba ta tafi da wanda ya tafi ba.

Iraƙi ma dubi yadda aka yi. Dokar 1998 ta Amurka ta amince da tallafa wa 'yan adawar Saddam, aka ɗauki irin su Ahmad Chalabi waɗanda suka shekara da shekaru a waje. Bayan mamayar 2003 aka rushe soja, aka kori 'yan Ba'as, jam'iyyar Saddam, daga aiki, aka kafa majalisar riƙo ta mutum 25 da aka raba kujerunta da aƙida da ƙabila: Shi'a 13, Larabawa 'yan Sunni 5, Kurdawa 5, Baturkume ɗaya, Kirista ɗaya. Tun daga ranar aka koya wa kowane ɗan siyasa cewa hanyar kujera ita ce ya tsaya a matsayin wakilin aƙidarsa. Da aka fasa hubbaren 'yan Shi'a na Samarra a Fabrairun 2006, Bagadaza ta koma unguwa-unguwa, ana tare mota a duba suna a katin shaida.

Ina rubuta wannan layin hannuna yana rawa, domin mu ba sai an ba mu labarin tare mota ba. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 ya fara ne da jerin gwano a kan titi da safiyar Litinin. Kafin dare hayaƙi ya rufe garin, mutum ya fita kasuwa bai dawo ba, uwa tana wannan gefen kogi 'ya'yanta suna makaranta a wancan, ba wayar hannu a lokacin da za ta kira. Barikin soja da na 'yan sanda suka cika da mata da yara a kwance a ƙasa. Maƙwabcin shekara ashirin ya sayar da gidansa a wulaƙance ya koma inda nasa suke, har yau bai dawo ba. An rasa rayuka sama da dubu, aka sake a Mayu, aka sake a Nuwamban 2002, wata uku kacal bayan shugabannin addini 22 sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Sai Afrilun 2011, wanda shi ne ya fi kama da abin da kake tambaya, domin rikicin zaɓe ne tsagwaronsa, fushin magoya bayan ɗan takara ne a kan sakamako. Kwana nawa ya ɗauka kafin ya koma masallaci da coci? Bai kwana biyu ba. Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12, kuma mafi yawa a jiharmu ne, Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, nan cikin gari kuma aka ƙona coci-coci da gidajen mutane. Waɗanda suka tsira sun shekara da shekaru a sansanin alhazai na Mando. Babu wanda ya zauna ya tsara cewa zaɓe zai zama haka. Kuma kada ka manta da rikicin soja da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, inda gwamnatin jiha da bakinta ta ce an binne gawa 347 a kabari ɗaya, shugaban Iran har ya bugo wa Buhari waya. Gabar Saudiyya da Iran tana da masu sauraro a cikinmu, ba a Yaman kaɗai ba.

Waɗanda nake jin haushinsu a wannan harka ba Turawan ba ne ma, dillalan tsakiya ne. Su ke karɓar babban kuɗin, su yanka muku ɗan kaɗan, su sa ku ku tara jama'a, ku yi hoto, ku cika takardar halarta. Su suna otal a Abuja, ku kuna cikin unguwa. Idan jami'an tsaro suka zo, sunanku ne a takarda, lambarsu kuma ba ta shiga. Suna zuwa da rahoton da suka riga suka rubuta cewa matsalarku addini ce, domin kalmar ce ke buɗe aljihun mai bayarwa, sai su sa ku maimaita ta a gaban kyamara har ku fara yarda. Allah ya isa tsakanin matasan garin nan da masu irin wannan ciniki. A Masar, bayan samamen ofisoshin NDI da IRI da Freedom House a Disamban 2011, an kwashe yawancin baƙin a jirgi, Misirawan da suke musu aiki su suka tsaya a gaban alƙali, aka yanke wa mutum 43 hukunci a 2013, ba a wanke su ba sai 2018. Irin wannan tsoron ne ya sa lokacin da sakatariyar harkokin wajen Amurka Condoleezza Rice ta nemi dala miliyan 75 a 2006 don dimokuraɗiyya a Iran, masu fafutuka irin su Akbar Ganji, wanda ya sha kurkuku, suka roƙi a bar kuɗin, domin a kansu zai ƙare.

Idan duk da haka kun ga za ku karɓa, ku nemi ganin asalin yarjejeniyar da ke tsakanin dillalin da mai kuɗin, da cikakken kasafin, ba shafin da ya shafe ku kaɗai ba. Wanda ya ƙi nuna muku, ku rabu da shi a nan. Ku tabbata kuna da rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, kuɗin kuma ya shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, kada ya bi ta asusun kowa, kada a karɓa a jaka. Masu sa hannun su fito daga gefen kogi biyu, kuma ba don hoto ba, kowa ya ga shigar kuɗi da fitarsa. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za a taɓa ɗan takara ko jam'iyya ba. Duk wanda yake da muƙami a kamfen ya sauka daga shugabancin ƙungiya kafin kuɗin ya iso.

Takardar halarta, don Allah ku kula da ita. Suna da unguwa da lambar waya a takarda ɗaya, a garin nan wannan jerin addinin mutane ne. Ku ce sa hannu da adadi sun isa, hoto kuma sai wanda ya yarda. Kada ku yi taro a harabar masallaci ko coci ko makarantar wata ƙungiyar addini ko da kyauta aka ba ku. Idan kun yi ɗaya a Tudun Wada, na gaba ya zama a Kakuri ko Barnawa, a tashi kafin la'asar kowa ya isa gida da rana. Kuɗin mota ya zama daidai ga kowa, a faɗe shi a fili tun farko, domin bambancin dubu biyu ya isa a ce an fifita wasu. Ku je wurin hakimi da mai unguwa da limami da fasto kafin ku fara, ku gaya musu sunan mai kuɗin da bakinku, kada su ji a majalisar mai shayi. Shafinku na WhatsApp ya samu masu kula daga ɓangarorin biyu, duk wanda ya turo hoton gawa ko muryar da ba a san tushenta ba a goge nan take, a kira shi a waya.

Na so in manta: kada ku ɗauki ma'aikaci ko ku kama hayar ofis a kan wannan kuɗin. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje da umarni ɗaya, zuwa Yuli USAID, hukumar Amurka mai raba tallafin, ta rufe, ƙungiyoyi da dama a Arewa suka wayi gari da bashin haya da albashi. Ku ci gaba da karɓar gudummawar wata daga mambobinku ko da naira ɗari biyar-biyar ce, ku rubuta a littafi, ya zama ranar da suka tafi kuna da abin sayen kati da ruwan taro. Kafin ka ba su amsa, ka turo mini shafin kasafin ta akwatin saƙo, ka rufe sunayen mutane, in duba maka layin da suka rubuta a kan abin da za ku yi a makon zaɓe da kwana ukun da ke bin bayan sanar da sakamako.